Ranar da Baba Mato Ya Faɗi Gaskiya Bisa Kuskure

Baba Mato ya yi shekara talatin da huɗu da 'yan watanni yana zaune a kan benci a ƙofar ofishin shugaban hukumarmu, kuma a iya sanina aikinsa uku ne: ya kai fayil, ya kawo fayil, ya ce wa baƙo "Oga ba ya nan." Tun hukumar tana Legas yake masinja. Da aka dawo da ita Abuja, a bayan motar kaya ya iso, shi da bencinsa. Ba zan faɗi sunan hukumar ba, don har yau a can nake cin abinci.

Sunana Kubra, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa ni ba 'yar ba-ruwana ba ce a wannan magana. Lokacin da na kama aiki ba ni da kowa a Abuja. Sau uku fayil ɗina yana ɓacewa, sau uku Baba Mato yana tono shi daga ƙarƙashin tulin takardu, ya kaɗe shi da hularsa ya kai inda ya dace, ko goro bai taɓa karɓa daga hannuna ba. Ina ƙaunar tsohon nan.

Abin ya faru ne wata Talata a shekarar 2007, lokacin da kuɗin mai ke ambaliya a gari, kowa na yawo da waya biyu, kowane babba yana da masu ba shi shawara, su ma masu ba da shawarar suna da nasu. To ɗaya daga cikin irin waɗannan ne ya zo mana, babbar rigarsa tana ƙara saboda sitaci. Ya ce yana son ganin Oga. Baba Mato ya miƙe, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, Oga ba ya nan." Sannan ya sunkuya wajen Angela, sakatariyar Oga, ya raɗa mata, "Yana ciki, kar ki bari ya matsa kusa da ƙofa." Sai dai kunnen Baba Mato ya fara nauyi, raɗarsa kuwa ko a matakala ana jin ta.

Baƙo ya fusata, ya ture tsoho, ya banke ƙofa. Babu kowa a ciki sai na'urar sanyaya ɗaki tana ta aikinta. Ashe Oga ya sulale ta ƙofar baya tun kafin azahar, ya tafi duba wani fili, bai gaya wa kowa ba.

Wani da kunya za ta kama shi ya tafi gida. Wannan kuwa takardar ƙorafi ya rubuto mai shafi uku, wai masinja ya yi masa ƙarya a bainar jama'a. Oga, wanda shi ne ya kafa dokar a riƙa cewa ba ya nan, ya nuna matuƙar mamaki. Aka bar jaki ana dukan taiki. Aka dakatar da Baba Mato, aka kafa kwamitin mutum biyu su gano ko ya yi ƙarya, aka ce ni ce sakatariya. Sharaɗin shi ne dole su biyun su sa hannu a kan matsaya ɗaya kafin a rufe fayil. Ga shi kuma Juma'ar ƙarshe ta watan Nuwamba Baba Mato zai cika shekara talatin da biyar ya yi ritaya, kuma duk wanda ritaya ta same shi da buɗaɗɗen fayil na ladabtarwa, takardun fanshonsa ko motsi ba za su yi ba. A watan Afrilu muke, na ce a raina ai magana ce ta mako guda.

Ban san su wa aka haɗa ni da su ba.

Na farko Malam Maliki, daraktan tsare-tsare, dogo, mai furfura a gemu, ya yi karatu har Ingila. Mutumin kirki ne, amma yana da wata cuta guda: a wurinsa ba a saɓa masa, sai dai a kasa fahimtarsa. In ka ce masa shayin nan ya yi zaƙi da yawa, zai dube ka da tausayi ya ce, "Ba ka gane ba." Na biyu Mista Zacharias, daraktan shari'a, ɗan kudancin Kaduna, dattijo a cocinsu, lauyan da bai taɓa taka kotu ba. Shi kuma tasa kalmar ita ce, "Bari in sake maka bayani." Abokai ne na shekara ashirin. Ofisoshinsu suna kallon juna a hawa na uku, tare suke cin tuwon rana, kowa ya san sunayen jikokin kowa.

A zaman farko Malam Maliki ya ce magana a fili take. Ƙarya a zuciya take zaune. Mato ya yi imani Oga na ciki, ya ce ba ya nan, don haka ya yi ƙarya. Ya kawo misalin mai sayar da zuma da ya haɗa ta da sukari, cikin rashin saninsa matarsa ta musanya kwalbar da ta zuma zalla, ya je kasuwa yana rantsuwa cewa zumarsa ba haɗi. "Wannan mutum maƙaryaci ne ko ba maƙaryaci ba ne?"

Mista Zacharias ya cire tabarau ya ce, "Malam, no. Ya yi ƙoƙarin ƙarya, ƙarya ta ƙi. In mutum ya sa hannu a aljihunka, aljihun babu komai, me ya sata? Mato ya ce Oga ba ya nan. Oga yana nan? Ba ya nan. To ina ƙaryan?"

"Zakari, ba ka gane ba."

"Bari in sake maka bayani."

Daga nan ba su sake zama ba. Suka koma yi ta cikin fayil, irin yadda manyan ma'aikata suka saba. Malam Maliki ya rubuta sharhinsa da shuɗin biro, in ɗauka in yi taku goma sha ɗaya in kai wa Mista Zacharias, ya riƙe kwana huɗu, ya amsa da baƙin biro, in sake yin taku goma sha ɗaya. Ni nake jigilar, tunda mai jigilar yana gida a dakace. Kowane sharhi da jimla ɗaya yake farawa: da alama abokin aikina bai fahimci abin da na rubuta a shafi kaza ba. Da rana kuma in gan su sun nufi wurin mai tuwo suna dariya, ba mai tayar da zancen, wai ba a haɗa abinci da aiki.

Fayil ya yi ƙiba har igiyarsa ta daina zagaye shi. Mai zuma ya sami ɗan'uwa mai sayar da manja. Ɓarawon aljihu ya koma ɓarawon akuya, akuyar kuma daga baya ta zama tasa ce da ta ɓace bara. A shafi na sittin da wani abu sunan Mato ya daina fitowa gaba ɗaya.

A watan Oktoba na kasa daurewa. Wata Asabar na shiga motar haya, muka sha cunkoson Nyanya, na sauka Jikwoyi. Na sami Baba Mato a ƙofar ɗakinsa yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Ya rame. A cikin ɗakin na hango kakinsa na aiki a rataye, a goge, karin wandon kamar wuƙa. Matarsa ta ce min duk Lahadi sai ya goge shi, ko za a kira shi Litinin. Maƙwabta kuwa an ce musu hutu yake yi.

"Baba, me kake so su ce?"

"'Yata, su ce na yi, ko su ce ban yi ba. Su dai ce wani abu." Ya murɗa rediyon. "Ni ai na san abin da na yi. A raina yana ciki. Na nemi gafarar Allah tun a daren. Amma ba wanda ya tambaye ni."

A hanyar komawa raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi wa kwandasta masifa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Manyan mutane biyu, masu digiri, kowa yana jiran ranar da ɗan'uwansa zai gane, alhali ni da nake karanta musu takardu na ga abin da ba su gani ba. Duk lokacin da Mista Zacharias zai rushe hujjar Malam Maliki, daidai inda take da rauni yake sa yatsa. Shi ma Malam haka. Wanda bai gane gini ba ai ba ya sanin inda zai sa diga.

Ranar Litinin na shiga ofishin Malam Maliki da fuskar tausayi. Na ajiye fayil, na yi kamar zan fita, na tsaya.

"Yallaɓai, akwai wata magana, amma ina jin nauyi."

"Faɗi, Kubra."

"Oga Zacharias ne. Wai ya ce ko shekara za a ba ka, ba za ka iya rubuta ra'ayinsa yadda yake ba. Wai kai ne ba ka gane shi ba."

Gemun Malam ya motsa. "Ni? Ra'ayin Zakari? Wannan ɗan ra'ayin da bai fi cikin cokali ba?" Ya jawo farar takarda. "Ki dawo ranar Laraba."

Na yi taku goma sha ɗaya, na gyara fuska, na maimaita wa Mista Zacharias irin wannan, na sauya suna kawai. Ya buga tebur ya ce, "Me? Ni da na haddace shi kamar Zabura? Ki dawo Wednesday."

Na sani, ƙarya na yi, kuma a kan fayil ɗin ƙarya. Ban ji daɗi ba, amma ban fasa ba.

Ranar Laraba na karɓo takardun biyu, na buga su da injin ofis don kada rubutun hannu ya tona asiri, na cire sunaye. Sannan na kira zama ranar Alhamis, saura mako biyar ritayar Baba Mato. Na ce musu an samu ra'ayoyi biyu daga wasu masana da suka duba fayil ɗin, ina neman izini in karanta. Jin an ce masana, duka suka gyara zama.

Na fara da wadda Mista Zacharias ya rubuta. Ta ce abin da ƙarya take karyawa ba ya cikin ofishin Oga, yana tsakanin mutum biyu ne. In ka tambaye ni, amanar abin da ke raina ka nema, in na miƙa maka wani abu daban na ci amanar, ko da duniya ta zagaya ta baya ta gyara min zancena. Sa'a ba ta wanke mutum. Wanda ya ba ka ruwa yana zaton guba ce, ba za ka gode masa don ka sha ka rayu ba.

Tun ina tsakiya Malam Maliki ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "Allahu akbar. Wata bakwai ina neman wannan jimlar ta ruwa da guba ban same ta ba. Zakari, ka ji? Ka ji yadda mai fahimta yake magana? Kubra, wane ne wannan bawan Allah? Ina so in gaisa da shi."

Na nuna masa kujerar da ke gabansa.

Ya dubi Mista Zacharias, ya dube ni, ya sake dubansa. Sai fuskarsa ta washe, ya miƙa hannu biyu. "Alhamdulillahi! Ashe ka gane! To sai mu sa hannu, Mato ya yi ƙarya."

"Ban yarda ba," in ji Mista Zacharias.

"Amma kai ka rubuta."

"Ni na rubuta. Ra'ayinka ne, na san shi ciki da waje. Kuskure ne kawai."

Na dubi Malam Maliki. Na ga "ba ka gane ba" ta taso masa har leɓe, ta duba ba wurin sauka, ta koma.

Mista Zacharias ya fara murmushin nasara, sai na ɗaga takarda ta biyu. Ta ce magana 'ya ce mai iyaye biyu, mai faɗa da kuma duniyar da ake faɗa a kanta, ba a yanke mata hukunci da jin bakin uba kaɗai. Baƙon nan ya zo bai san inda Oga yake ba, aka gaya masa abin da yake haka ne. Babu wani gurɓataccen abu da aka zuba masa a kai. Mugun nufi laifi ne, a kira shi da sunansa, amma kada a ara masa sunan aikin da bai auku ba, in ba haka ba sai mu fara yi wa wanda aka yi niyyar kashewa jana'iza.

"Exactly!" Mista Zacharias ya miƙe tsaye. "Jana'iza! Wannan shi ne..." Sai ya tsaya, don ya ga yadda Malam yake kallon silin. Ya zauna a hankali. "Malam, kai ne?"

"Ni ne."

"Kuma?"

"Kuma ɓata ce tsantsa. Amma na iya ta."

Tausayinsu ya ɗan kama ni, don kowannensu wata bakwai yana rubutu da zaton cewa saura bayani ɗaya tak abokinsa ya farka. Yanzu ga shi a rubuce cewa abokin a farke yake tun shafi na ɗaya. Babu sauran abin da za a sake bayyanawa, fayil ya rasa dalilin tafiya.

Na ce, "Yallaɓai, to Baba Mato fa? A kore shi?"

Tare suka juyo. "A kori wa?" in ji Malam Maliki. "Mutumin da aka umarta? Wa ya ce a kore shi?"

"God forbid," in ji Mista Zacharias. "Ina ma yake ne kwana biyu? Ban gan shi a benci ba."

Nan na manta da matsayina. Na gaya musu inda yake, da kakin da ake gogewa duk Lahadi, da hutun da aka ce wa maƙwabta yana yi, da Juma'ar ƙarshen Nuwamba. Muryata ta yi sama fiye da yadda ƙaramar ma'aikaciya ke yi wa darakta magana, ban kuma ba da haƙuri ba. Malam Maliki ya sunkuyar da kai yana ta istigfari. Mista Zacharias ya cire tabarau yana goge shi, alhali ba abin da ya same shi.

Matsayar da na rubuta layi biyu ce. Membobin kwamiti sun fahimci juna sarai kuma ba su yarda da juna ba a kan ko abin da ya faru ƙarya ne. Sun yarda baki ɗaya a mayar da Malam Mato bakin aikinsa ba tare da wani tabo ba. Shuɗin biro ya sa hannu, baƙi ya sa.

Ina tattara takardu Malam ya ce, "Af, Zakari, amma ka ban mamaki da ka ce ko shekara aka ba ni ba zan iya rubuta ra'ayinka ba."

Na ce gara in tona kaina. "Yallaɓai, ni na ƙirƙira. Bai faɗa ba."

"Na faɗa mana," in ji Mista Zacharias. "A mota, a gaban direbana, tun watan Yuni. Na ɗauka shi ya gaya miki."

Suka zuba min ido su biyu, irin kallon da kura ke yi wa akuya. Malam ya ce a hankali, "Ka ga ta yi niyyar ƙarya..." Mista Zacharias ya ce, "Amma maganan gaskiya ne..." Na rungumi fayil na fice ban ko rufe ƙofa ba.

Washegari Malam Maliki ya kira ni, na same shi jiki a sanyaye. Ya ce jiya da ya koma gida ya ce wa matarsa Hajiya ta faɗa masa ra'ayinsa a kan wata magana da suka shekara ashirin da shida suna ja, wadda kullum yake ce mata ba ta gane ba. Ta ajiye ludayi ta zayyano masa shi tsaf, har da misalan da shi kansa ya manta. "Ta ce tun muna Kaduna ta gane," in ji shi. "Kubra, ashe ba ta yarda ba ne kawai." Na ce Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Takardar mayar da Baba Mato, kasancewar a Abuja muke, sai da ta yi kusan mako biyar tana yawo tsakanin tebura. Ranar Alhamis ta fito, ni na kai masa da hannuna. Don haka kwana ɗaya tak ya rage masa na aiki, Juma'ar ƙarshe.

Ƙarfe bakwai ya iso cikin kakinsa, ya share bencinsa ya zauna. Daraktocin nan biyu suka sauko su gaishe shi, kowa yana ta kame-kame, shi kuwa yana ta sa musu albarka. Muna tsaye sai ga wani baƙo da jaka a hammata, da ganinsa ya sha zirga-zirga, ya ce yana son ganin Oga.

Baba Mato ya miƙe, ya je ya murɗa ƙofar, ya leƙa ciki sosai, ya jawo ta ya rufe. Ya dawo ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, yana nan. Ba zai gan ka ba."

Baƙon ya tsaya kamar an watsa masa ruwa. Sai ya kama hannun tsohon da hannu biyu ya ce, "Baba, na gode. Wata uku ke nan ina zuwa daga Abaji." Ya juya ya tafi.

Mista Zacharias ya raɗa wa Malam cewa wannan ai tona sirrin ofis ne. Malam ya ce sam, ya buɗe baki zai ƙara da kalmarsa ta kullum, ya haɗiye ta, ya ce, "Ka gane. Ka dai yi kuskure."

Baba Mato bai ji su ba. Ya koma kan bencinsa ya gyara karin wandonsa, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"'Yata," ya ce, "shekara talatin da biyar ina bakin ƙofar nan. Yau na fara leƙawa kafin in amsa."